Rana Mafi Tsawo, Ruwan Shibka da Duwatsun Wuyan Iyayenmu

Kowace shekara idan 21 ga watan Yuni ta zo, rediyo da talabijin sukan kawo mana labarin bukukuwan da ake yi a ƙasashen Turai domin murnar ranar da ta fi kowace rana tsawo cikin shekara. Mukan ga ƴan mata da furanni a kai, da wutar da aka hura a bakin tabki, da kofuna da tulunan gilashi masu launi iri-iri waɗanda masu sana'ar ke bajewa domin baƙi. Sau da yawa ɗan lekol yakan tambayi malaminsa: mu fa, ina namu bukin?

Wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram a wannan rana ya tsaya Tasawa, ko ya ratse arewa ya nufi Mayahi, ba zai tarar da buki ba. In an yi ruwa da dare, zai tarar gari ya watse tun da asuba: maza na gaba da sungumi suna sara, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. In kuwa ruwa bai sauka ba, zai tarar da mutane zaune ƙarƙashin dogon yaro, idanunsu na gabas inda hadari ke tasowa. Duk da haka wannan lokaci shi ne mafi nauyi cikin shekarar manomi. Yana da lissafinsa, yana da al'adunsa, kuma yana da wata alaƙa da gilashi wadda ba kowa ya lura da ita ba, domin cikin waɗannan watanni ne duwatsun wuyan da mata suka gada daga iyayensu ke barin gida su tafi kasuwa. Wannan shi ne abin da muke so mu duba tare da ku yau.

Yadda rana ke juyawa

Duniya tana kewaya rana ne a karkace, kuma masana sun auna wannan karkata suka sami digiri 23 da rabi. Shi ya sa rana ba ta fitowa wuri guda duk shekara. Daga ƙarshen Disamba tana matsawa arewa kaɗan-kaɗan, har 20 ko 21 ga Yuni ta kai iyakarta. Nan sai ta yi kamar ta tsaya, kwana biyu ko uku tana fitowa daga wuri ɗaya, sa'an nan ta juya ta koma kudu. Sunan da Turawa suka ba wannan rana daga harshen Latin ya fito, ma'anarsa kuwa tsayuwar rana.

Tasawa da Mayahi suna wajen digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka kowane ɗan lekol yana iya ganin wannan juyi da idonsa, ba sai da na'ura ba. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili, a miƙe, a duba inuwarta wajen ƙarfe 12 da rabi na rana. Ranar 21 ga Yuni inuwar za ta faɗi kudu, tsawonta kamar santimita 17. Ranar 21 ga Disamba za ta faɗi arewa, ta kai kamar santimita 76. Sau biyu cikin shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kai, sandar ta rasa inuwa kusan baki ɗaya. Malaman da ke duba inuwa domin sanin lokacin azahar sun daɗe da lura da wannan.

Amma bambancin tsawon yini a wajenmu ba shi da yawa. Yinin 21 ga Yuni a Tasawa bai cika awa 13 ba, na ƙarshen Disamba kuwa awa 11 ne da kamar minti 20. Tsakaninsu awa ɗaya da rabi ne da ƴan mintoci. Manomin da ya fita gona da asuba ya komo da la'asar ba zai ji wannan bambanci a jikinsa ba.

Abin da ya sa Turawan arewa ke buki

A birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin, yinin tsakiyar Yuni ya wuce awa 18, na tsakiyar Disamba kuwa awa 6 ne kawai da ɗan abin da ba a rasa ba. Mutanen da suka yi watanni cikin duhu da ƙanƙara dole su yi murna ranar da haske ya cika. Tun 1953 suka tsayar da bukin a ranar Asabar da ta faɗo tsakanin 20 da 26 ga Yuni, jajiberensa kuwa, wato Juma'a, shi ne ranar babban shagali. Sukan kafa dogon itace a fili, su naɗe shi da ganye da furanni, su yi rawa suna kewaya shi. Akwai tsohuwar al'adar da ke cewa budurwar da ta tsinki furanni iri bakwai ta sa ƙarƙashin matashin kai za ta yi mafarkin mijin da za ta aura. A Danmak akan hura manyan wutace daren 23 ga Yuni, haka ma a ƙauyukan Faransa da yawa, inda aka haɗa al'adar da ranar tunawa da Yahaya mai baftisma. Tun 1982 kuma Faransa ta mai da 21 ga Yuni ranar kaɗe-kaɗe.

A kudancin Suwidin ɗin nan akwai wani yanki mai daji da ake yi wa laƙabi da masarautar gilashi. Masana'antar garin Kosta, wadda aka kafa a 1742, tana aiki har yanzu, kuma lokacin dogon yini ne baƙi ke cika yankin domin kallon yadda ake hura narkakken gilashi da bututu ya zama kofi ko tulu. Su sun haɗa sana'arsu da bukinsu, kowanne na tallafar ɗan'uwansa.

Mu kuwa rana ba baƙuwa ba ce a gare mu. Wanda ya sha zafin bazara a Urafan ko Cake ba zai yi wa rana buki ba. Baƙon da muke jira shi ne ruwa. A yawancin shekaru ruwan da ke sauka a waɗannan gundumomi biyu bai wuce milimita 500 ba, kuma kusan duka cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami fiye da mutum dubu 500 a kowace gunduma cikinsu, mafi yawansu kuwa abincinsu na shekara ya rataya ne a kan hatsi da wake da dawar da aka shibka cikin waɗannan makonni.

Lissafin manomi

Kakanninmu ba su da kalanda a bango, amma ba su yi shibka da ka ba. Manoman gargajiya, waɗanda ake kira Anna, sukan fara ƙidayar watanninsu ne bayan kaka, sai wata na bakwai ya faɗo wajen Mayu ko Yuni. Shi ya sa har yau dattawa ke cewa watan bakwai idan suna nufin watan shibka, ko da kuwa watan Musulunci na ranar wani ne dabam.

Bayan ƙidayar wata akwai alamomi. Taurarin da muke kira Kaza da ƴaƴanta sukan ɓace daga sama wajen farkon Mayu, su yi kamar kwana arba'in ba a ganinsu, sa'an nan cikin Yuni su sake bayyana a gabas kafin fitowar rana. Shamuwa takan iso ta yi sheƙa bisa itatuwan cikin gari, ba mai jifarta. Gawo, wanda ya yi rani duka da ɗanyen ganye, sai ya kakkaɓe shi ya bar wa hatsi haske. Iska ta bar busowa daga arewa maso gabas ta koma tasowa daga kudu maso yamma, da danshi a cikinta. Malamai kuma suna da nasu lissafi da suka samo daga littattafan Larabci: taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya kaɗai ke da 14, jimla kwana 365. Bakwai na bazara ne, bakwai na damana, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Kazar nan ita ce suke kira Surayya. Da wannan lissafi malami ke gaya wa manomi ko ruwan da ya sauka na shibka ne ko kuwa na yaudara ne wanda zai bar iri ya ƙone cikin ƙasa.

Al'adun Anna ma bisa wannan zagaye aka gina su. Masanin nan na Faransa Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana bincike a kwarin Maraɗi da Tsibirin Gobir, ya bayyana su dalla-dalla cikin littafinsa na 1975. Tun cikin rani akan yi buɗin daji, inda shugabannin Anna da mafarauta ke fita bayan gari su duba abin da shekara za ta zo da shi, na ruwa ko na fari, na lafiya ko na cuta. Kafin shibka mai gida yakan yi yanka domin gandu, kowane iska da launin dabbar da ake ba shi, fara ko ja ko baƙa. Akwai Uwar Gona mai kula da amfani, akwai Doguwa, akwai Kure. Bakan gizo ma ba abin sha'awa ba ne ga manomin da, shi ya sa ya kira shi masha-ruwa, domin in ya bayyana hadari yakan watse. Manomin da ya kai ga tara dami dubu kuwa yakan yi bukin dubu, ya rarraba dukiyarsa ga jama'a, a naɗa shi sarkin noma.

Yau mafi yawan jama'ar Tasawa da Mayahi Musulmi ne, kuma waɗannan yanke-yanke sun ja baya ƙwarai. Idan ruwa ya yi jinkiri, liman ne ke jan jama'a zuwa bayan gari a yi sallar roƙon ruwa, a yi sadaka da gumba, almajirai su yi karatu. A wasu garuruwa tsofaffin mata sukan sa tufafin maza su kewaya gari da yara suna roƙo. Ranar da ruwan shibka ya sauka kuwa, murnar da ake yi ba ta bukatar makaɗi. Ita ce tamu ranar, sai dai ba ta da kwanan wata tsayayye, kuma a gona ake yinta.

Shagalin kiɗa da ado yana jira sai kaka. Idan an ɗaure hatsi an cika rumbu, sa'an nan dandali ke cika: kokowa, dambe, kalankuwa, bukukuwan aure. Nan ne ƴan mata ke fitowa da jigida a ƙugu, ƙarau a hannu, duwatsu a wuya. Nan ne kuma ɗan koli ke baje kayansa a kasuwar Kanambakashe ko ta Korgom, ya san aljihun manomi da nauyi.

Daga ina duwatsun suka fito?

A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa tare da ayarin gishiri daga Abzin. Ita ce babban garin ƙasar Hausa na farko da ya gani. Cikin abin da ya rubuta game da matan garin, ya ce tufarsu baƙin turkuɗi ne, adonsu kuwa ƴan sillayen duwatsun gilashi ne a wuya. Ashe fiye da shekara 170 da suka wuce gilashi ya riga ya zama adon kowace mace a Tasawa, alhali ba a narka shi a garin. To, daga ina yake zuwa?

Hanya ta farko ita ce ta hamada. A tsibirin Murano na birnin Benis, ƙasar Italiya, inda aka tattara masu narka gilashi tun 1291, da kuma ƙasar Bohemiya, an yi ta ƙera tsakiya da sauran duwatsun ado domin kasuwannin Afirka. Jiragen ruwa su kai su Tarabulus, raƙuma su bi da su ta Gadamas da Gat da Abzin har Katsina da Kano. Barth da kansa ya lissafa su cikin manyan kayan da ake shigowa da su kasuwar Kano. Tasawa tana bisa wannan hanya. Daga baya, da Turawa suka kama bakin teku, kayan suka koma shigowa ta kudu.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙasar Nufe. A birnin Bida akwai unguwar Masaga, zuriyar masu narka gilashi waɗanda ke cewa kakanninsu daga Masar suka taso suka biyo ta Barno. A da su da kansu suke haɗa ɗanyen gilashi mai duhu da suke kira bikini: yashi, da kanwar da fatake ke kai musu daga wajen tabkin Cadi, da wutar itace ta kwana da kwanaki. Da kwalabe suka yawaita sai suka koma narka su. Murhun yumɓu ne da zugazugi. Mai aiki yakan ɗebo narkakken gilashi a bakin sandar ƙarfe, ya naɗe shi ya zama dutsen wuya, ko ya yi ta juya zoben yana faɗaɗa shi har ya zama ƙarau, sa'an nan ya ɗiga masa wani launi domin ado. Masanin nan S. F. Nadel ya bayyana aikinsu cikin littafinsa na 1942 a kan Nufawa, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka shahara da sana'ar hannu. Fatake da ƴan koli ne suka baza ƙarau ɗin Bida cikin kasuwannin ƙasar Hausa. Kanwa ta gangara kudu, ta komo arewa a hannun amarya.

Akwai ma abin da ya girmi waɗannan. An daɗe ana zaton duk tsohon gilashin da aka tono a Afirka ta Yamma daga waje aka kawo shi. Amma haƙar da masanin Najeriya Abidemi Babatunde Babalola ya yi a Igbo Olokun, cikin birnin Ife na ƙasar Yarbawa, ta fito da duwatsu kusan dubu 13 tare da tukwanen narki, ta tabbatar cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 mutanen wurin suna haɗa gilashinsu da kayan ƙasarsu. An sami irin wannan gilashi har Gawo da Esuk a ƙasar Mali. Kusa da mu kuma, a Durɓi ta Kusheyi gabas da Katsina, haƙar da aka yi a 1992 cikin kusheyin tsoffin sarakuna ta fito da duwatsun ado, da wuri, da zinariya, da kwanon ƙarfe wanda ya fito daga ƙasashen Gabas, kayan da shekarunsu suka kai ɗari biyar zuwa ɗari bakwai. Tasawa cikin tsohuwar ƙasar Katsina take, sarautarta ma daga gidan Katsina ta fito, saboda haka wannan tarihi namu ne.

Ke nan sillen duwatsun da tsohuwa ta ɓoye cikin ƙwarya a ƙarƙashin gado yana iya haɗa aikin Benis da na Bohemiya da na Bida a zare ɗaya. Kowane dutse yana da sunansa da darajarsa a bakin tsofaffin mata da tsofaffin ƴan koli, kuma sun san wanda ake sa wa amarya, da wanda ake ɗaura wa jariri, da wanda ya dace da mai jego.

Rumbun mace

A nan ne labarin gilashi ke haɗuwa da na watan Yuni. A gidan manomi rumbun gandu yana hannun mai gida. Mace tana da ƴar gamanarta, da akuyarta, da kayan ɗakinta, da adonta, kuma a kwarin Gulbin Kaba tana da tabarmin da take saƙawa. Waɗannan su ne dukiyar da ba mai taɓa mata sai da yardarta. Daga shibka zuwa fitowar sabon hatsi a Satumba, wata uku ne cur na aiki mai tsanani, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwa, zazzaɓi ya kama yara. Idan abin ya matsa, akuya ce ke fara tafiya, sa'an nan tasa da kwalla, daga ƙarshe a kwance ƙullin duwatsu. Da kaka ake sayensu, da rani a yi ado da su, da damana a sayar.

A shekarar da damana ta yi kyau mace takan mai da abin da ta fitar. Amma akwai shekarun da ba a mai da kome ba. Farin 1973 da 1974 ya kwashe dabbobi da kayan ɗaki. Yunwar 1984, wadda jama'a suka raɗa wa suna El Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ta kwashe abin da ya saura. A 2005 ma jahar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi tsanani. Binciken da Claude Raynaut da abokan aikinsa na jami'ar Bordo suka yi a ƙarshen shekarun 1970, wanda ya haɗa da garin Sarkin Hausa na ƙasar Mayahi, ya nuna yadda gandu ke raguwa, gonaki ke ƙanƙancewa, bukatar kuɗi ke tilasta wa manomi sayar da hatsinsa da arha tun da kaka. Duk lokacin da gandu ya kasa ciyar da gida, nauyin kan komo bisa ƴar dukiyar mace.

Aka yi rashin sa'a waɗannan shekaru suka zo daidai da lokacin da kasuwar tsoffin duwatsun Afirka ta buɗe a Amurka da Turai, tun daga ƙarshen shekarun 1960. Dillalai suka shiga ƙauyukan Afirka ta Yamma suna saye da awo, suna kaiwa manyan biranen bakin teku. Ba'amurken nan Christopher Steiner, wanda ya yi bincike a kasuwannin Abijan ya fitar da littafinsa a 1994, ya tarar Hausawa suna cikin manyan masu wannan ciniki. Dutsen da Bature ya kawo wa kakanninmu ya koma ƙasar Turawa da tsada, an jera shi cikin akwatin gilashi an rubuta shekarunsa a ƙasa. Jikar mai shi kuwa tana sanye da na roba, wanda ke koɗewa kafin shekara ta kewayo.

Ba za mu zargi uwar da ta sayar da tsakiyarta ta sayi tiyar hatsi ba. Domin irin wannan rana aka aje ta, kuma ran yaro ya fi kowane dutse. Abin baƙin ciki shi ne duwatsun sun tafi tare da saninsu. Tsofaffin da ke iya rarrabe aikin Bida da na hamada suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda masu iya duba Kaza da ƙidayar watan bakwai ke ƙarewa, ba wanda ya zauna ya rubuta daga bakinsu.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu da bukatar aro bukin wasu. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma manomin da ke tsakiyar shibka ba shi da lokacin rawa. Amma akwai darasi cikin yadda mutanen Kosta da na Bida suka riƙe sana'arsu da al'adarsu har duniya ta san su da ita.

Na farko, a rubuta. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da ɗalibai ƴan asalin Maijirgi da Hawandawaki da Isawan da Gidan Amumun, waɗanda ke komawa gida hutun damana. Kowannensu yana da waya mai ɗaukar hoto da murya. Ya zauna da kakarsa, ta fito da abin da ya rage mata, ya ɗauki hoton kowane dutse, ya rubuta sunansa da inda aka samo shi da lokacin da ake sa shi. Ya zauna da kakansa ya rubuta alamomin ruwa da sunayen taurari. Cibiyar CELHTO ta nazarin harsuna da tarihin baka, wadda tushenta ke Yamai tun 1968, da Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, su ne wuraren da suka dace su adana irin wannan aiki. Gidajen rediyon karkara ma suna iya ba tsofaffi fili su yi bayani da bakinsu.

Na biyu, a koyar. Malamin lekol ba ya bukatar kuɗi kafin ya kafa sanda a filin makaranta, yara su auna inuwa kowane mako su rubuta. Idan ya gayyato dattijo ya gaya musu lissafin watan bakwai, ya gayyato malamin zaure ya gaya musu na taurari 28, yaran za su gane cewa abin da ke cikin littafi da abin da kakanninsu suka sani rana ɗaya suke dubawa. Yanzu da ruwa ke rikita manomi, wata shekara ya zo da wuri ya ɗauke, wata shekara ya yi jinkiri, sanin da da hasashen ma'aikatar yanayi sai sun taimaki juna.

Na uku, a kiyaye. Dokar 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa ta hana haƙa tsoffin kufai da fitar da abin da aka tono ba da izini ba. Sarakuna da masu gari su ne idon hukuma a wannan fanni, domin su suka san inda kufai suke.

Na huɗu, kuma shi ne babba, a samar wa mata wata ƙofa da za su buga kafin su kwance ƙulli. A nan jahar Maraɗi ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE: mata su taru kowane mako, kowa ta zuba abin da ta iya cikin akwati, su ranta wa junansu, su raba idan wa'adi ya cika. Dubarar ta yi kyau har ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya suka ɗauke ta. Idan aka daidaita ranar fasa asusu da watan shibka, aka kuma ƙarfafa bankunan hatsi na ƙauyuka domin su buɗe a daidai lokacin da tiya ta yi tsada, mace za ta ciyar da ƴaƴanta ba tare da ta rabu da gadon uwarta ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Saboda haka, ƴan uwa, idan 21 ga Yuni ta sake kewayowa kuka ji labarin bukin Turawa, ku fita tsakar gida da tsakar rana ku duba inuwarku ta faɗi kudu, ku tashi da asuba ku nemi Kaza a gabas. Wanda ke da tsohuwa a gida ya tambaye ta abin da ke cikin ƙwaryarta tun tana da ƙarfin ba da amsa, ya kuma tabbata ba yunwa ce za ta raba ta da shi ba bana.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana shibka daga fari da fara, ya kai mu kaka lafiya. Amin.